Masu Jiran Gawa a Kasuwar Sa Hannun Beatles

Da yammacin ranar 8 ga Disamba, 1980, wajen ƙarfe 5, John Lennon ya fito daga Dakota, katafaren ginin da yake zaune a cikinsa a birnin New York. Kamar kullum, akwai masoya tsaitsaye a bakin ƙofa. Wani saurayi ya matso ya miƙa masa sabon faifansa mai suna Double Fantasy, wanda makonsa uku kacal da fitowa. Lennon ya karɓa, ya rubuta sunansa da shekarar a jikin kwalin, ya mayar masa, ya shiga mota ya nufi ɗakin naɗar waƙa. Gab da ƙarfe 11 na dare ya dawo, saurayin nan yana nan bai tafi ba. Ya harbe shi ta baya. Lennon ya mutu yana da shekara 40.

Ba zan rubuta sunan makashin ba, domin shi da bakinsa ya sha faɗa cewa suna ya je nema, ni kuwa ba zan taya shi ba. Faifan nake so mu bi sawunsa. Wani mutum ya tsince shi a cikin tukunyar furanni kusa da ƙofar, ya miƙa wa 'yan sanda, aka ajiye shi cikin kayan shaida, daga baya aka mayar masa. Bayan shekaru ya sayar, faifan ya shiga hannun dillalai. A 2017 aka sa masa farashin dala miliyan 1.5, kuma cikin abubuwan da aka yi tallarsa da su har da zanen yatsun makashin da alamomin 'yan sanda da ke jikin kwalin.

Waƙoƙin da ke cikin wannan faifai su ne dai waɗanda ke cikin miliyoyin 'yan'uwansa da aka buga. Sa hannun Lennon ma akwai shi birjik a hannun mutane. Kisan ne ya kai wannan kwafi inda ya kai. Da makashin ya karɓi faifansa ya tafi gida ya kwanta, da kuɗinsa bai kai ko kusa da haka ba. Wannan misali shi ne mafi muni a kasuwar sa hannun mawaƙa, amma ra'ayina shi ne bai saɓa wa ɗabi'ar kasuwar ba, fito da ita fili kawai ya yi. Kasuwa ce da mutuwa ke ɗaga farashinta, jabu ya cika ta, kuma babu abin da ta ƙara wa waƙar da take iƙirarin tana girmamawa.

Ga wanda bai san su ba, Beatles samari huɗu ne daga birnin Liverpool na Ingila: John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr, wanda shi ne ya shigo a ƙarshe a 1962. Cikin shekara biyu suka mamaye duniyar kiɗan rok. Ranar 9 ga Fabrairu, 1964, kimanin mutum miliyan 73 suka kalle su a talabijin a Amurka. A watan Agusta na 1966 suka daina yawon wasa a gaban jama'a, a 1970 kuma suka watse. Wannan taƙaitaccen tarihi shi ne jarin dillalan. Shekarun da mai sha'awa zai iya tarar da su huɗun a wuri ɗaya ya miƙa musu biro ba su da yawa, kuma bayan 1966 abin ya ƙara wuya. Shi ya sa kwalin faifan Sgt. Pepper, wanda ya fito a 1967, mai ɗauke da sa hannun dukansu huɗu, ya tashi a kan dala 290,500 a gwanjon kamfanin Heritage a 2013.

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san abin da ke tsadar da kaya: masu nema su yi yawa, kayan su yi kaɗan. Hatsi yakan yi tsada da bazara, kaka ta zo ya sauko. Sa hannu kuwa kakarsa ita ce rayuwar mai hannun. Muddin yana numfashi, zai iya zama gobe ya rattaba dubu, farashi ya karye. Ranar da ya mutu ne rumbu ke rufewa har abada. Lennon ya tafi a 1980, Harrison a 2001. Saura biyu, kuma dukansu sun haura shekara 80. Duk mai jari da ya sayi takarda mai sunayen nan huɗu ya kulle a ma'ajiyar banki yana jiran ta yi daraja, to ya san labarin da yake jira, ko da bai furta ba. Ban ce yana addu'ar tsofaffin nan su mutu ba. Na ce lissafinsa ya fi kyau in sun mutu, kuma shi ya zaɓi ya tsaya a inda faɗuwar wani take tashinsa.

In kana ganin na tsananta, dubi abin da ya faru da George Harrison. A ƙarshen 2001 ciwon daji ya ci ƙarfinsa, yana jinya a New York, kwanakinsa sun ƙare. A Janairun 2004 magadansa suka kai ƙarar wani likita da ya duba shi, suna neman diyyar dala miliyan 10. Zarginsu shi ne likitan ya zo da 'ya'yansa gidan da Harrison ke kwance, ya sa shi ya sa hannu a jitar ɗansa, alhali marar lafiyar ya nuna ba shi da ƙarfin yin haka, har likitan ya riƙe masa hannu ya taya shi rubuta sunan. Likitan ya musanta cewa ya tilasta masa, aka sasanta a wajen kotu, aka kuma amince jitar ba za ta zauna a hannunsu ba. Ko da mun ɗauki maganar likitan, tambaya tana nan. Wane irin kwaɗayi ne zai sa mutum ya ga ɗan'uwansa ɗan Adam a gadon mutuwa, abin da ya faɗo masa a rai shi ne biro? Ai babu wanda ke rasa sanin cewa sa hannun ƙarshe ya fi na farko kuɗi. Kasuwar ce ta koya wa kowa wannan darasi.

Sai kuma batun jabu, wanda ya fara tun daga cikin gidan Beatles ɗin kansu. A shekarun da suke tashe, wasiƙun masoya buhu-buhu suke zuwa, kowa yana son hoto da sa hannu. Mutum huɗu ba za su iya ba. Sai Neil Aspinall, abokinsu na ƙuruciya wanda ke tuƙa su yana kula da al'amuransu a hanya, da Mal Evans mai ɗaukar musu kaya, suka koyi kwaikwayon rubutunsu. Wani lokacin ma ɗaya daga cikin mawaƙan ne zai rattaba sunayen sauran ukun. Ba damfara suka nufa ba, don ba sayarwa ake yi ba a lokacin, neman sallamar jama'a kawai ake. Amma sakamakon shi ne akwai tsofaffi a yau da suka shekara 60 suna adana wata takarda, suna nuna wa jikoki, sai ranar da suka kai ta gwanjo ƙwararre ya gaya musu ai rubutun direba ne.

Da kuɗi suka shigo, sai 'yan damfara na gaske suka biyo. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta Amurka ta yi wani bincike da ta kira Operation Bullpen, ta bankaɗo wata ƙungiya a California da ke buga sa hannun bogi na 'yan wasa da taurari. Har sunan Mother Teresa suka rattaba a jikin ƙwallon besbol. Kayan nasu kuma ba tsirara suke fita ba, kowanne da takardar shaidar inganci, mai hatimi da sa hannun wanda ake kira ƙwararre. Hukumar ta ce mafi yawan masana harkar sun yarda cewa fiye da rabin irin waɗannan kaya da ke yawo a kasuwa jabu ne. Ka yi tunanin kasuwar zinariya da aka ce fiye da rabin abin da ke cikinta tagulla ce, kuma mai awon ma ana iya sayensa. Wa zai kai kuɗinsa can?

Kada a ce wannan tsohon labari ne. A 2022 kamfanin buga littattafai na Simon & Schuster ya fitar da kwafi 900 na wani littafin Bob Dylan, kowanne a kan dala 599, tare da wasiƙar tabbatar da cewa mawaƙin ne ya sa hannu da kansa. Da masu saye suka fara ɗora hotunan nasu a intanet suna gwadawa, sai suka ga sa hannun yana maimaita kansa layi bisa layi. Na'urar kwaikwayon sa hannu ce ta yi aikin. Kamfanin ya mayar da kuɗi, Dylan ya fito ya ba da haƙuri. Mawaƙin yana raye, kamfanin babba ne mai suna, wasiƙar shaida kuma tana nan, duk da haka cinikin biri a sama aka yi. To ina ga takardar da aka ce an sa mata hannu a bayan wani gidan rawa a Liverpool a 1963, wadda babu mai shaida a kanta sai mai sayarwa?

A nan ne nake ganin maganar ƙauna ta rushe. Ɗauki takarda biyu, ɗaya ta Lennon, ɗaya ta Aspinall, ka ajiye a gaban mai tarawa. In ba ƙwararre ba ne, ba zai bambance ba. Zai iya rataye ta bogin a falonsa shekara 20, kullum ya dube ta ya ji daɗi, ya ji kamar yana kusa da gwaninsa. Ranar da aka gaya masa gaskiya, takardar ba ta canza ba, tawadar ba ta goge ba, amma daɗin ya gudu. Ashe tun farko maganar wani ya saya. Waƙa kuwa ba ta buƙatar mai shaida. Ka kunna ta, in ta taɓa ka ta taɓa ka, ko a faifan asali ko a tsohuwar waya mai fasasshen gilashi.

Masu kare wannan harka suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Ta farko ita ce adana tarihi. Suna cewa ba don masu tarawa ba, da takardu da yawa sun tafi bola. Akwai ƙanshin gaskiya a nan. Yarjejeniyar da Beatles suka sa wa hannu da manajansu Brian Epstein ranar 1 ga Oktoba, 1962, wadda kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonta a Landan a 2015 a kan fam 365,000, takarda ce da ke koyar da wani abu: yadda ake raba kuɗi tsakanin matasan mawaƙa da mai kula da su a wancan zamani. Haka ma takardun da suka rubuta baitocinsu a kai, inda za ka ga kalmar da aka soke da wadda aka maye gurbinta da ita, ka ga waƙa tana tsiro. Amma me sunaye huɗu a bayan tikitin mota ke koyarwa? Cewa mutanen nan sun iya rubuta sunansu?

Ko a kan takardu masu amfanin ma, a duba inda suke ƙarewa. A 2010 an sayar da rubutun hannun Lennon na waƙar A Day in the Life a kan dala miliyan 1.2 a New York, ya shige hannun wani mai kuɗi. Hunter Davies kuwa, ɗan jaridar da ya rubuta tarihin ƙungiyar da izininsu a 1968, ya riƙa tsintar guntayen takardun da suka yar a ɗakin naɗar waƙa kafin masu shara su kwashe, kuma a 2013 ya miƙa wasu daga cikinsu ga Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, inda ɗalibi ko baƙo zai shiga ya gani ba tare da ya biya ko sisi ba. Wannan shi ne adana tarihi. Gwanjo sau da yawa akasin haka yake yi, don yakan ɗaga farashi har ya fi ƙarfin ɗakunan karatu, abin ya koma akwatin ƙarfe inda mutum ɗaya ne ke da makulli.

Hujja ta biyu ita ce tunawa. Ita kam na sallama mata gaba ɗaya. Yarinyar da ta tsaya cikin sanyi a ƙofar kulob ɗin Cavern a 1962, McCartney ya tambayi sunanta ya rubuta mata a littafin makarantarta, tana da abin da ba za a raina ba. Takardar tana tuna mata ranar da rigar da ta sa da ƙawar da suka je tare. Sai dai wannan daraja ba ta bin takarda zuwa gidan wani. Attajirin da ya saye ta bayan shekara 50 bai tsaya cikin sanyin ba, ba a tambayi sunansa ba. Wani abin dariya ma shi ne, a wannan kasuwa sa hannun da aka rubuta sunan wanda aka yi wa a kansa yakan fi araha a kan wanda babu sunan kowa, domin mai saye ba ya son a tuna masa cewa ba shi aka yi wa ba. Wato abin da ya sa takardar ta zama kyauta daga mutum zuwa mutum, shi ne kasuwa ke ɗauka aibi.

Hujja ta uku ita ce wadda ake rufe baki da ita: kuɗinsa ne, ina ruwanka? Gaskiya ne, kuɗinsa ne, kuma ban nemi a kafa doka ba. Amma kuɗinsa suna da aiki a bayan idonsa. Su ne ke biyan mutanen da ke kwana a filayen jirgin sama da ƙofofin otal da tarin kwalayen faifai a hammata, suna ture yara don su kai gaba, suna zagin mawaƙi in ya wuce bai tsaya ba, sa'annan kafin dare kayan sun hau eBay. Su ne kuma ke ciyar da mai buga jabu. Kuma kwaɗayin ba ya tsayawa a kan tawada. Tun a 1964 wasu 'yan kasuwa suka sayi zannuwan gadon da Beatles suka kwanta a kai a otal-otal na Detroit da Kansas City, suka yayyanka su ƙanana, suka sa wa kowane ƙyalle dala 1. A 2011 wani likitan haƙori ɗan Kanada ya biya fam 19,500 ya sayi ruɓaɓɓen haƙorin Lennon, daga baya har yana maganar a ƙirƙiro wani Lennon daga ƙwayoyin halittar da ke ciki. A 2016 aka sayar da guntun gashinsa a kan dala 35,000. Mutumin da ya bar ɗaruruwan waƙoƙi, an koma ana rububin haƙorinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Su kansu masu hannun sun gaji. A watan Oktoba na 2008 Ringo Starr ya saki wani gajeren bidiyo yana sanar da cewa daga ranar 20 ga watan ba zai ƙara sa hannu a kan komai ba, kuma duk abin da aka aiko masa bayan ranar za a zubar. Aka yi ta sukarsa da girman kai, sai aka bayyana dalili: abin da ya sa wa hannu don ƙauna, washegari yana ganinsa a kasuwar intanet da farashi a jiki. A 2021 McCartney ya gaya wa mujallar Reader's Digest cewa shi ma ya daina, yana mai cewa abin yana ba shi mamaki a ce ya rubuta sunansa a bayan rasit alhali shi da mai roƙon duk sun san ko shi wane ne, kuma ya fi son a tsaya a ɗan yi hira. To wa ya yi asara? Dillali bai yi ba, don rufe ƙofar ma ƙara wa hajarsa daraja ya yi. Yaron da ya zo da zuciya ɗaya, wanda da zai adana takardar har tsufansa, shi aka hana.

Akwai wani labari da ya faru a ƙasarmu wanda nake ganin ya isa amsa. A 1973, bayan watsewar Beatles, McCartney ya zo Legas da matarsa Linda da abokin kiɗansa Denny Laine don su naɗi sabon faifai a ɗakin naɗar waƙa na kamfanin EMI da ke Apapa. Wani dare suna tafiya a ƙasa 'yan fashi suka tare shi da Linda da wuƙa, suka ƙwace abin da ke hannunsu, har da jakar da ke ɗauke da littafin da ya rubuta baitocinsa da kaset-kaset na gwajin sababbin waƙoƙin. A ma'aunin masu gwanjo, wannan jaka taska ce, rubutun hannun ɗan Beatles ne shafi bayan shafi. McCartney ya koma ya zauna, ya tuno waƙoƙin daga kansa, suka naɗa. Faifan, Band on the Run, ya fito a Disambar shekarar, ya hau saman jadawalin ciniki a Amurka da Birtaniya, kuma har yau ana lissafa shi cikin mafi kyawun abin da ya yi bayan Beatles. Takardar ta ɓace, babu abin da ya ragu daga waƙar.

Mai karatu, na san da wuya a ce kana shirin zuwa Landan ka ɗaga hannu a gwanjon Sotheby's. Amma cutar ba ta tsaya a kan masu fam da dala ba. Duk wanda ya taɓa tarar da mawaƙi ko marubucin da yake so, ya ɓata mintin nan ɗaya da ya samu wajen gyara kyamarar waya maimakon ya gaya masa abin da aikinsa ya yi masa a rayuwa, ya ɗanɗani irinta. Hujjar cewa mun haɗu ta fi mana haɗuwar. Bambancin kawai shi ne hotonka ba ya jiran kowa ya mutu kafin ya yi daraja.

In kana son Beatles, faifansu 13 suna nan, wayar da ke hannunka za ta kawo maka su kafin shayinka ya huce. Ka fara da Revolver, ka saurara da kyau yadda jitar Harrison ke amsa muryar Lennon, ka ji abin da McCartney ke yi a ƙasan kiɗan. A nan suka sa hannunsu da gaske, kuma Aspinall bai taya su ba. Faifan bakin ƙofar Dakota kuwa, da ni ne mai iko da shi, da tuni na miƙa shi ga iyalan mamacin su yi yadda suka ga dama da shi, a daina yawo da shi daga dillali zuwa dillali ana nuna zanen yatsun wanda ya mayar da matarsa bazawara, ya bar ɗansa mai shekara 5 maraya.